Nisan Landan zuwa Paris a jirgin sama: me ya sa kowa da lambar da yake faɗa?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya aiki ne ya sha kaina. Ka ce wata huɗu kenan da zuwanka karatu Landan, kana so in an yi hutu ka leƙa Paris wajen abokinka, ka duba nisan a intanet wani wurin ya ce maka 344, wani 214, wani 188, taswirar waya kuma ta ba ka ɗari huɗu da wani abu. Sannan tikitin da ka gani ya nuna tashi ƙarfe 9:00 sauka 11:20, amma a dawowa tashi 6:00 sauka 6:20, har kake cewa ko dai wasa ake da hankalin mutane. Toh ba wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowa dai abin da ya auna daban ne. Na yi shekaru a ofishin da ake tsara wa matuƙi hanya da lissafin man da zai sha kafin ya tashi, dan haka irin waɗannan lambobin su ne tuwona, bari in warware maka su ɗaya bayan ɗaya, amma tun yanzu in gaya maka lambar da ka fi damuwa da ita ita ce mafi ƙarancin amfani a tafiyar taka.

In ka ja zare miƙaƙƙe daga tsakiyar Landan zuwa tsakiyar Paris zaka samu kilomita 344 ko kusa da haka. Wanda ya ce maka 214 shi ma wannan zaren ya auna sai dai da mil ya faɗa, mutanen Ingila har yau da mil suke auna hanya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.609 ne, ka raba ka gani. Shi kuma 188 ɗin nan na mutanen jirgi ne, mu ba ma aiki da kilomita ba ma aiki da mil ɗin mota, akwai wani mil na teku da aka gada daga matuƙan jirgin ruwa, tsawonsa kilomita 1.852, kuma ba daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari aka auna ba, daga filin jirgin Heathrow ne zuwa filin Charles de Gaulle, wanda in ka mayar da shi kilomita zai ba ka 347 zuwa 348. Ɗari huɗu da wani abun da wayarka ta nuna hanyar mota ce. Ka ga ashe ba faɗa a tsakaninsu.

Dan ka samu abin kwatantawa a ranka, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Abuja ta sama kilomita 360 ne da 'yan kai. Kenan Landan da Paris sun fi Kano da Abuja kusa da juna. Mutane da yawa in na faɗa musu haka sai su yi dariya sabida ƙasa biyu ne, yare biyu, kuɗi biyu, ga teku a tsakani, sai mutum ya ɗauka wata uwa duniya ce. In kuma damuwarka ƙasaru ce to ka yi abinka, malamanmu mil 48 suke cewa, ka ninninka shi.

Kai da kanka ma zaka iya lissafa shi a bayan takarda, ba sai da wata manhaja ba. Landan tana kan digiri 51.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Paris tana kan 48.86, bambancin digiri 2.65 kenan kusan, kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne, ka samu 294. Sai ta ɓangaren gabas da yamma, tsakaninsu digiri 2.48 ne, amma nan ne mutane suke faɗawa rami, sabida digirin gabas da yamma ba tsawonsa ɗaya ba ne a ko'ina. A wajenmu kusa da tsakiyar duniya yana kai kilomita 108 ko 109, amma kana yin arewa layukan suna matsewa kamar ɓarin lemo da suke haɗewa a wajen hancinsa, a daidai inda Landan da Paris suke digiri ɗaya bai wuce kilomita 71 ba, sai ka samu 176. Ka ninka 294 da kanta, ka ninka 176 da kanta, ka haɗa su ka nemo tushen, irin lissafin kusurwar nan da aka koya mana a sakandare muna cewa ina amfaninsa, zai ba ka 343. Ai ka ga mun zo.

A ɗan gajeren nisa irin wannan lanƙwasar duniya ba ta canza komai sosai, shi ya sa lissafin bayan takarda ya yi daidai. A doguwar tafiya ne abin yake fitowa, inda zaka ga layin jirgi a taswira ya lanƙwashe kamar baka ka ce matuƙin yawo yake, alhali shi ne a miƙe taswirar ce ta baje ƙwallo a kan faranti. Da wannan lissafin dai ake fitar da alƙibla, shi ya sa mutanenmu da ke Amurka suke kallon arewa maso gabas in za su yi sallah duk da a taswira Makka tana ƙasa da su.

Sannan kalmar Landan ɗin kanta ba fili ɗaya ba ce. Heathrow yana yamma da gari, Gatwick yana kudu, Luton da Stansted suna arewa, ga ƙaramin City a gabas cikin gari. Daga Gatwick zuwa Charles de Gaulle wajen kilomita 310 ne sabida ka riga ka yi kudu tun a ƙasa, daga Luton kuwa ya kai 380. A can ma Paris akwai Charles de Gaulle a arewa maso gabas, akwai Orly a kudu wanda ya fi kusa da gari, sai kuma wani da ake liƙa masa sunan Paris wai Beauvais, wanda ke nesa da garin da kilomita 85 kusan, jiragen nan masu araha suna son sa, in ka sauka can sai ka sake shiga bas fiye da awa ɗaya, dan haka in ka ga tikiti mai arha sosai duba haruffa ukun da ke jikinsa, CDG ne ko ORY ko BVA.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi min daɗin bayani. Jirgin da ke wannan hanyar, yawanci dangin Airbus A320 ne ko ƙaninsa A220, in ya daidaita a sama yana cin kilomita 830 a awa ko kusa da haka. In ka raba 347 da 830 zaka samu minti 25. To me ya sa tikiti yake cewa awa ɗaya da minti 15 ko 20?

Na farko dai jirgi ba ya bin zaren nan da muka ja. Sama tana da tituna kamar ƙasa, ba a ganinsu ne kawai, kuma sararin kudancin Ingila da arewacin Faransa yana cikin mafi cunkoso a duniya, kowane jirgi akwai ƙofar da zai fita da ƙofar da zai shiga. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, a Heathrow kuwa mafi yawan kwanakin shekara iskar daga yamma take kaɗowa, kenan kai da zaka kudu maso gabas sai a fara harba ka yamma wajen Windsor, baya ka ba Paris kenan, sai ka yi sama tukuna ka juyo. A can ma in ka isa ba kai tsaye zaka faɗa titin sauka ba, 'yan hasumiya masu ba jirage hannu za su zagaya da kai su sa ka a layi bayan waɗanda suka riga ka. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta duniya ICAO in za ta ƙiyasta ainihin abin da jirgi ya ci a gajeriyar hanya da ba ta kai kilomita 550 ba sai ta ƙara kilomita 50 a kan miƙaƙƙen layin. Kenan a aikace abin da zaka ci a sama ya doshi 400.

Waɗannan titunan na sama ba dan jin daɗi aka yi su ba, kuma a kan wannan hanyar taka aka fara koyon darasin. Ran 7 ga Afrilun 1922 jirage biyu, ɗaya ya taso daga filin Croydon na Landan zai je Paris ɗaya ya taso daga filin Le Bourget na Paris zai zo Landan, hazo ya rufe, a lokacin matuƙi ƙasa yake kallo yana bin titin mota ko layin dogo, duka biyun suka sauko ƙasa-ƙasa suna bin hanya ɗaya suka yi gaba da gaba a arewacin Faransa, mutum bakwai ɗin da ke ciki ba wanda ya rayu. Shi ne karo na farko da jiragen fasinja biyu suka yi karo a sama, bayansa ne aka zauna aka ce kowa ya riƙa bin dama da hanya, aka fara ware wa masu zuwa da masu dawowa layinsu.

Na biyu gudun 830 ɗin nan sai a can ƙololuwa ake yinsa, a wannan hanyar kuwa jirgi ba ya ma kaiwa ƙafa 35,000 ɗin da masu doguwar tafiya suke hawa, ƙafa 20,000 da wani abu yake tsayawa sabida kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi. Kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 akwai ƙa'idar gudu, ba a wuce mil ɗin teku 250 a awa, wajen kilomita 460 kenan. Hawa ya ci kusan sulusin tafiyar, sauka ta ci fiye da sulusi, ɗan abin da ya rage a tsakiya ne ma'aikatan jirgin suke guje-guje da kwalbar ruwa. In ka haɗa duka daga ɗagawar taya zuwa taɓa ƙasa minti 40 zuwa 50 ne a rana mai kyau.

Na uku kuma lokacin da ke jikin tikiti ba lokacin sama ba ne. Mu a aiki muna ƙirgawa ne daga sanda aka cire waigin taya aka tura jirgi baya, har zuwa sanda ya tsaya a can aka sake sa masa waigi. Duk jan ƙafar da zai yi a ƙasa yana ciki, da layin jiran tashi. Heathrow duk girman sunansa titin jirgi biyu kacal gare shi, sai ka ga jirage goma sun jeru kamar layin mai, kuna zaune injin yana ta kuka minti 15 ko 20 ba ku tashi ba. Charles de Gaulle yana da huɗu amma faɗi ne da shi kamar gari guda, zaka iya sauka a titin can gefe jirgi ya yi ta gangarawa da ku har ka fara tunanin ko da mota za a ƙarasa Paris ɗin. A dawowa kuma akwai shawagi, Heathrow yana da wurare huɗu a sama da ake tara jirage suna zagaye kafin a ba su hannu, Bovingdon da Lambourne da Ockham da Biggin, wanda ya taso daga Faransa yawanci ta Biggin yake shigowa, in ka ga ta taga gona ɗaya tana ta dawowa to kuna ciki. Kamfanoni sun san da duk wannan shi ya sa suke cusa 'yan mintuna a jadawali dan kar a ce kullum suna latti. A lissafin mai ma haka muke yi, ba man kilomita 347 ake zubawa ba, akwai na jan ƙafa a ƙasa, akwai ƙarin kashi biyar cikin ɗari na ko-ta-kwana, akwai wanda zai kai ku wani filin in wannan ya ƙi, sannan akwai na minti 30 da doka ta ce dole ya rage a tanki.

Batun 9:00 zuwa 11:20 da 6:00 zuwa 6:20 kuwa agogo ne kawai. Faransa tana gaban Ingila da awa ɗaya, kuma kowane tikiti da agogon garin da abin ya faru yake magana, tashi da agogon inda ka tashi sauka da agogon inda ka sauka. Duka biyun awa ɗaya da minti 20 ne, a zuwa an ƙara maka awa a dawowa an mayar maka da kayanka. Dukansu suna canza agogo rana ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, dan haka tazarar ba ta canzawa duk shekara. Abin da zai taimake ka in zaka kira gida, agogon Najeriya da Nijar ba ya motsi, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris daidai yake da na Paris, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma daidai yake da na Landan. Ni kaina da nake wannan surutun na taɓa shan kunya a kan awa ɗayan nan, agogon hannuna na manta ban juya ba ina zaune ina shan shayi hankali kwance ashe mutanen da muka yi alƙawari da su har sun gaji sun tafi, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Toh yanzu ga maganar da nake so ka ɗauka. Kai ba kilomita zaka saya ba, lokacinka da kuɗinka zaka kashe daga ƙofar ɗakinka zuwa ƙofar abokinka. Mu ƙirga. Daga tsakiyar Landan zuwa Heathrow a jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly wajen minti 50 zuwa awa ɗaya, layin Elizabeth ya fi sauri ya fi tsada, Heathrow Express minti 15 ne daga Paddington amma kuɗinsa zai iya kai rabin tikitin jirgin naka. Ana so ka isa awa biyu kafin tashi. Sai awa ɗaya da minti 20 na jirgin. Ka sauka ka bi layin shige da fice, kai da fasfonka kore ba layin 'yan Turai zaka bi ba, in ka ba da akwati ka jira shi, ka sa minti 40 zuwa awa ɗaya. Sai jirgin ƙasa RER B ya kai ka tashar Gare du Nord da ke tsakiyar Paris cikin rabin awa da 'yan mintuna. Haɗa ka gani, wajen awa biyar da rabi ne har ana neman shida, a kan tafiyar da minti 45 ce kawai a sama.

Abin dariyar shi ne ran 25 ga Agustan 1919 da aka fara jigilar fasinja ta kullum tsakanin garuruwan nan biyu, daga Hounslow Heath nan kusa da inda Heathrow yake yanzu zuwa Le Bourget, tsohon jirgin yaƙi ne aka gyara, fasinja ɗaya ya ɗauka da 'yan kaya, ya yi awa biyu da rabi a sama. Shekara goma kafin nan, 25 ga Yulin 1909, Louis Blériot ya fara tsallake tekun daga wajen Calais zuwa Dover cikin minti talatin da 'yan kai ya ci kyautar fam 1,000 ta jaridar Daily Mail. Yau jirgin ya ninka na 1919 gudu sau uku a wannan hanyar amma duk abin da aka rage a sama an mayar da shi layi a ƙasa.

Shi ya sa in ka tambaye ni, jirgin ƙasa zaka hau. Eurostar yana tashi daga tashar St Pancras a tsakiyar Landan ya dire ka Gare du Nord a tsakiyar Paris cikin awa biyu da minti 16 zuwa 20. Kuma ka ga abin mamaki, hanyarsa ta fi ta jirgin sama tsawo nesa ba kusa ba, wajen kilomita 490 ce. Dalili shi ne zaren nan namu miƙaƙƙe yana barin Ingila ne ta wajen Hastings ya shiga Faransa kusa da Dieppe, inda tekun yake da faɗin kilomita 100 kusan, shi kuwa ramin da aka haƙa wa jirgin ƙasa a ƙarƙashin tekun dole aka kai shi inda ruwan ya fi tsukewa, mashigin Dover mai kilomita 33 ko 34, Faransawa ma hannun riga suke kiran tekun da yarensu sabida yadda ya tsuke a nan. Sai jirgin ya yi gabas zuwa Folkestone, ya nutse, ya ɓullo kusa da Calais, ya ƙara yin gabas wajen Lille sannan ya juyo kudu. Ramin an buɗe shi a 1994, tsawonsa kilomita 50 da ɗoriya, kusan 38 a ciki a ƙarƙashin ruwa suke, minti 20 zaka yi a cikin duhu ba kifi ba komai kar ka sa rai, a ciki yana rage gudu zuwa 160 a awa, yana fitowa fili ya saki 300. Tun 2007 da aka ƙarasa sabon layin ɓangaren Ingila aka koma St Pancras lokacin ya sauko haka. Fasfo tun a Landan 'yan sandan Faransa suke duba shi kafin ka hau, in ka sauka Paris ficewa kawai zaka yi ka kama gabanka. Ka isa tasha awa ɗaya ko da ɗan ƙari kafin lokaci dan suna rufe ƙofa minti 30 kafin tashi. Duka-duka awa uku da rabi. Ga akwati biyu da jakar hannu ba mai ɗora maka su a sikeli, ba mai ƙwace maka turare ko man shafawa wai ya wuce awo.

Inda jirgin ƙasa yake cizo shi ne kuɗi in ka yi latti. Farashinsa hawa yake yi yadda kujeru suke ƙarewa, wanda ya saya da wata biyu da wanda ya saya ana gobe tafiya kamar ba jirgi ɗaya suka hau ba, lokacin hutun Kirsimeti da Ista kuwa abin ba a magana. A irin wannan lokacin ne zaka ga jirgin sama daga Gatwick ko Luton ya fi arha a ido, amma kafin ka yi murna ka ɗora kuɗin zuwa filin da kuɗin fita daga wancan filin da kuɗin akwati, dan masu arhar nan ƙaramar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera ce kawai kyauta. In kuma aljihun ɗalibi ne ya yi ƙasa sosai akwai bas, FlixBus da ire-irensa, daga tashar Victoria, awa takwas zuwa tara, wani lokacin a sa bas ɗin cikin jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais awa ɗaya da rabi, wani lokacin a sa shi cikin jirgin ƙasan da ke ɗaukar motoci ta ramin minti 35. Wanda ya saba Kano zuwa Legas a mota wannan ba zai ba shi tsoro ba, na dare ma ya rage maka kuɗin kwana ɗaya.

Zaka ce to su waye suke cika jiragen saman kenan, British Airways da Air France ai kullum suna ta zirga-zirga. Da yawansu masu canjin jirgi ne, wanda zai sauka Charles de Gaulle ya hau na Abuja ko Njamena, ko wanda ya taso daga Paris zai kama na Amurka a Heathrow, shi ba ruwansa da tsakiyar gari, a gare shi jirgin sama ne daidai. Faransa ma a 2023 ta hana jiragen cikin gida a hanyoyin da jirgin ƙasa yake yi ƙasa da awa biyu da rabi, Orly zuwa Bordeaux da Nantes da Lyon, da a ce Landan garin Faransa ne da lissafin ya hau kanta, sai dai dokar ba ta tsallaka iyaka.

Akwai wuri ɗaya da lambar 347 ɗin take zama kuɗi a hannunka, wato diyya. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 mai lamba 261, wadda Birtaniya ta riƙe irinta bayan ta fita, ta raba tafiye-tafiye gida uku da miƙaƙƙen layin nan ba da zagayen da jirgi ya yi ba. Abin da bai wuce kilomita 1,500 ba yuro 250, daga nan zuwa 3,500 yuro 400, sama da haka har yuro 600, a dokar Birtaniya kuma fam 220 da 350 da 520. Kenan in jirginka ya isa da lattin awa uku ko fiye, kuma laifin kamfani ne ba hazo ko guguwa ba, kana gidan farko, fam 220 in daga Landan ka tashi, yuro 250 in daga Paris, ko da tikitin fam 40 ka saya. Ka riƙe wannan dan ranar komawa gida ma, Landan ko Paris zuwa Abuja ya haura kilomita 4,000, gidan ƙarshe kenan. Ba sa zuwa su ba ka da kansu, sai ka cika fom ka nema.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba kuma shi ne zai iya hana tafiyar gaba ɗaya. Bizar karatunka ta Birtaniya ba ta shiga da kai Faransa. Birtaniya ko lokacin da take cikin Tarayyar Turai ba ta taɓa shiga yankin Schengen ba, wato ƙasashen Turan da ake yawo a tsakaninsu da biza ɗaya, balle yanzu da ta fita tun Janairun 2020. Da fasfon Najeriya ko na Nijar sai ka nemi bizar Schengen, zaka iya nema daga nan Landan tunda zaune kake da izini, kuɗinta yuro 90 ban da na ofishin da ke karɓar takardu, za su so ganin wasiƙar makaranta da bayanin asusun banki da inshorar lafiya da inda zaka sauka, in gidan abokin naka ne akwai takardar masauki da zai je ofishin magajin garinsu ya yi maka. Na san wani yaro ɗan wajenmu da ya sayi tikiti ya yi aski ya je har gaban kanta da jakarsa, matar ta juya fasfon ta juya ta ce ina biza, ya ce ai ga ta Ingila nan, haka ya dawo ɗaki ranar ko abinci bai iya ci ba. Kuma tun Oktoban 2025 sun fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokinsu, ka ƙara wa kanka lokaci a layi ko ta sama ko ta ƙasa ka bi.

Samun ranar da za su gan ka a ofishin bizar shi ne wahalar, in hutu ya matso sai ka yi makonni kana dubawa ba gurbi, kuma bayan ka miƙa takardu ka sa kwana 15 a lissafi ko fiye. Dan haka tun yau ka fara neman ranar, tikitin kuma ka ɗauki wanda ake iya canza masa rana. In ka samu ka sanar da ni watan da kake son tafiya da unguwar da abokin naka yake, in kudancin Paris ne lissafin Orly daban ne tunda an kai masa layin metro na 14 a 2024, sai mu sake duba wanne ya fi maka.